Waiwaye Ko Fami: Abin Da Tarihin Daura Ke Nunawa Game Da Tuna Yaƙin Basasa

Gabatarwa

Ranar Talata 15 ga watan Yuli 2025 aka yi jana'izar Janar Muhammadu Buhari a Daura, kwana biyu bayan rasuwarsa a Landan. Yawancin abin da aka faɗa game da shi a kwanakin ya tsaya ne a kan mulkinsa biyu, na soja daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, da na farar hula daga 2015 zuwa 2023. Ba kowa ya lura ba cewa ƙasar Daura ta rufe ɗaya daga cikin shaidun yaƙin basasar Nijeriya, watau mutumin da ya ga farkon rikicin a 1966 yana ƙaramin hafsa, ya kuma kasance a fagen daga har aka ƙare a 1970. Duk lokacin da irin wannan mutum ya kau, sai tsohuwar muhawara ta sake tasowa: shin ya kamata ƙasa ta koma ta bincika yaƙin da 'ya'yanta suka yi da junansu, ko kuwa a bar kaza cikin gashinta?

Hausa tana da kalmomi biyu da suka ɗauke wannan gardama gaba ɗaya. Ta farko ita ce waiwaye, wanda aka ce adon tafiya ne, domin matafiyi kan juya ya dubi inda ya fito don ya san ko hanya ta miƙe. Ta biyu ita ce fami, watau a taɓa mikin da ya fara warkewa har ya sake zubar da jini. Masu son a bincika tarihin yaƙin suna ganin waiwaye suke nema, masu ƙin haka kuwa fami suke tsoro. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna maganganun biyu da tarihin Daura, domin ƙasar Daura ta yi shekara ɗari a rabe, gidajen sarauta uku suna gaba da juna, sa'an nan ta sake haɗuwa, labarin rabuwar kuma bai ɓace ba.

Ma'anar Basasa

Bahaushe ba ya kiran kowane yaƙi basasa. Yaƙe-yaƙen Kano da Katsina na zamanin da, ko na Gobir da Zamfara, yaƙi ne kurum tsakanin ƙasa da ƙasa. Basasa ita ce wadda ake yi a cikin gida, tsakanin mutanen da suka haɗa sarki ko suka haɗa kaka. Kalmar kan tuna wa almajirin Larabci da yaƙin Basus na zamanin jahiliyya, wanda ƙabilun Bakar da Taglib, 'yan uwan juna, suka shekara arba'in suna yi a kan wata raƙuma da aka kashe. A ƙasar Hausa kuwa sunan ya fi kama rikicin Kano na 1893 zuwa 1895, lokacin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, suka fita Takai ƙarƙashin Yusufu, har Aliyu Babba ya ci birnin a 1894.

Abin da ya sa basasa ta fi sauran yaƙe-yaƙe wuyar tunawa shi ne, bayan an ajiye makamai, wanda ya yi kisa da wanda aka kashe wa za su ci gaba da cin kasuwa ɗaya, su sha rijiya ɗaya, wata rana ma 'ya'yansu su auri juna. Abokin gaba na waje kan koma garinsu a manta da shi, na gida kuwa kullum ana tare. Ko sunan da za a kira yaƙin ma abin gardama ne. Na Nijeriya, alal misali, gwamnatin tarayya ta fara kiransa aikin 'yan sanda, daga baya ya zama yaƙin haɗa kan ƙasa. Wasu suna ce masa yaƙin Biyafara, talakan Arewa kuma ya fi saninsa da yaƙin Ojukwu. Kowane suna cikin waɗannan ya riga ya yanke hukunci tun kafin a fara ba da labari.

Daura Ta Rabu Uku

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a Gobir a 1804, bai daɗe ba ya iso Daura. Wajen 1805 Malam Isiyaku, wanda ya karɓo tuta, ya ci birnin, Sarkin Daura Abdu, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Gwari, ya fita da jama'arsa. Ga masu jihadi, wannan gyaran addini ne da kawar da zalunci. Ga waɗanda suka fita kuwa, gidan sarautar da ke danganta kansa da Bawo ɗan Bayajidda ne aka raba da rijiyar Kusugu da fadar kakanninsa. Malamai da makiyaya da manoman ƙasar ne suka rabu biyu, wasu suka bi tuta, wasu suka bi sarki. Ta wannan fuska abin yana da kamannin basasa, ko da yake littattafan Sakkwato ba su kira shi da wannan suna ba.

Zuriyar Abdu ba su haƙura ba. Bayan shekaru na yawo da neman mazauni, reshe ɗaya ya kafa Zango wajen 1825, wani reshen ya zauna a Ɓaure. Daga nan aka sami sarakuna uku a zamani ɗaya, kowannensu yana ganin shi ne Sarkin Daura na gaskiya. Na Fulani yana birni yana bin Sakkwato, na Zango da na Ɓaure suna jingine da Damagaram, wadda ita kuma take bin Barno. Tsakanin Daura da Zango bai wuce tafiyar rabin yini a ƙasa ba. Saboda haka abokan gabar maƙwabta ne, kuma talakan da ke tsakaninsu shi ya fi ɗanɗana kuɗarsa, domin zamani ne na hari da kama bayi, wanda manomi ba ya yarda gonarsa ta yi nisa da ganuwa. Haka aka zauna har ƙarnin ya ƙare.

Tun a farkon lamarin aka soma muhawara a kan halaccin wannan yaƙi. Sarakunan Hausa da aka matsa wa, har da na Daura, sun kai kuka Barno. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya rubuta wa shugabannin jihadi yana neman su kawo hujjar yaƙar mutanen da suke salla suna azumi. Muhammadu Bello ya mayar masa da amsa. Abin lura a nan shi ne, da Bello ya zo rubuta littafinsa Infaƙul Maisuri wajen 1812, sai ya sa wasiƙun al-Kanemi a ciki tare da amsoshinsu. Mai nasara ne ya adana hujjar abokin gardamarsa da hannunsa. Dalilin haka ne har yau ɗalibi ke iya karanta ɓangarorin biyu ya yi wa kansa hukunci, daular Sakkwato kuwa ba ta rushe saboda wannan ba.

Haɗuwa Da Adana Labari

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Shata kan iyaka tsakanin Ingila da Faransa ya yanke tsohuwar ƙasar Daura, wani yanki ya faɗa hannun Faransa, a Jamhuriyar Nijar ta yau. Tsakanin 1904 da 1906 Turawa suka kawo ƙarshen sarautar Fulani a birnin, suka ɗauko Malam Musa na gidan Zango suka zaunar da shi a Daura, aka haɗa ƙasar ƙarƙashinsa. Cikin manyan gidajen sarautar da jihadi ya kora, wannan ne ya koma tsohon birninsa. Na Katsina ya tsaya a Maraɗi, na Zazzau a Abuja wadda ake kira Suleja a yau, na Kabi a Argungu, na Gobir kuma a Tsibiri da Sabon Birni.

Wannan ba sulhu ba ne irin wanda 'yan uwa kan zauna su yi. Baƙo ne ya yanke hukunci don biyan bukatar mulkinsa, gidan da ya yi shekara ɗari yana sarauta kuma ya wayi gari ba shi da ita. Duk da haka mikin ya warke sannu a hankali. Sarki Abdurrahman ɗan Musa ya yi shekara 55 a gadon sarauta, daga 1911 zuwa 1966. Sarki Muhammadu Bashar ya yi 41, daga 1966 zuwa 2007. Dogon zaman lafiya da auratayya suka yi aikinsu. Zango da Ɓaure, tsofaffin mazaunan hijira, yau ƙananan hukumomi ne biyu cikin biyar na masarautar, tare da Daura da Mai'aduwa da Sandamu. Buhari kansa ɗan wani arɗon Fulani ne, amma a watan Disamba 2021 Sarki Umar Faruk Umar, wanda ya fito daga gidan da aka kora a 1805, ya naɗa ɗansa sarautar Talban Daura, ba wanda ya ga wani abin mamaki a ciki.

Mai saurin hukunci zai ce ke nan mantuwa ce ta yi magani. Sai dai Daura ba ta manta ba. A ƙarshen shekarun 1950 wani masanin halayyar al'umma mai suna M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya zauna da dattawan ƙasar ya tattara labarin sarauta da tsarin mulki na Daura da Zango da Ɓaure, abin da ya fito a littafinsa The Affairs of Daura a 1978. Ya kamata a lura da lokacin da ya yi wannan aiki. Shekara hamsin da 'yan kai ke nan da haɗuwar ƙasar: zafi ya huce har mutane suna iya magana, amma waɗanda suka ga ƙarshen zamanin rabuwa da idonsu ba su ƙare ba. Da an jinkirta da shekara ashirin, da abin da za a tarar bai wuce kirari da zambo ba, domin su ne suka fi daɗewa a baki. Littafin bai tada fitina a Daura ba. Aibinsa guda shi ne da Turanci aka rubuta shi, a Amurka aka buga shi, don haka jikokin waɗanda suka ba da labarin ba duka ke iya karanta shi ba.

Yaƙin 1967 Zuwa 1970 Da Shirun Da Ya Biyo Baya

A shekarar da Sarki Abdurrahman ya rasu ne Nijeriya ta shiga nata rikicin. Ranar 15 ga Janairu 1966 wasu hafsoshi suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Samuel Akintola da manyan sojojin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari. A watan Mayu tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulkin ramuwa, aka kashe Janar Ironsi. A Satumba da Oktoba aka kashe dubban Ibo mazauna Arewa, sauran suka tsere gida, aka kuma kashe 'yan Arewa mazauna Gabas. Ranar 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya ayyana Biyafara, aka fara yaƙi ranar 6 ga Yuli, aka ƙare ranar 15 ga Janairu 1970. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga rabin miliyan zuwa sama da miliyan biyu, yawancinsu fararen hula ne da yunwa ta kashe a yankin da aka tsare.

Janar Yakubu Gowon ya zaɓi hanyar rufe miki. Ya ce babu mai nasara babu wanda aka ci, ya yi shelar sulhu da gyara da sake gini. A 1973 aka kafa shirin bautar ƙasa don matasa su san juna. A 1982 Shugaba Shehu Shagari ya yafe wa Ojukwu ya dawo gida. Amma akwai abubuwan da aka rufe ba a wanke ba: kisan fararen hula da sojojin tarayya suka yi a Asaba a Oktoba 1967, fam ashirin da aka ba mutanen Gabas da yawa a madadin ajiyarsu ta banki komai yawanta, da gidajen Ibo na Fatakwal da aka kira dukiyar da aka yi watsi da ita.

Sau ɗaya aka gwada buɗe maganar a hukumance. A 1999 Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa don ya bincika take hakkin ɗan Adam tun daga Janairu 1966. Ƙungiyar Ohanaeze ta kawo koken Ibo, ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa ta mayar da martani. Tsofaffin shugabanni uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, ba su amsa gayyatar kwamitin ba, ko da yake a kan zamanin mulkinsu aka kira su. An miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka bazu da shi a 2005. Bayan haka, daga zangon karatu na 2009 zuwa 2010, aka cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare.

Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Masu tsoron fami suna da hujja mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Suna cewa shirun nan shi ya sa Ibo suka koma kasuwannin Kano da Katsina da Daura cikin 'yan shekaru kaɗan, suka sake buɗe shaguna. Suna cewa kowane ɓangare yana da matattunsa: ɗan Arewa daga daren 15 ga Janairu yake fara lissafi, ɗan Gabas daga watan Mayu ko Satumba, kuma duk wanda ya zaɓi ranar farawa ya riga ya nuna mai laifi. Suna kuma tsoron 'yan siyasa, waɗanda kan mayar da kabari jarin neman ƙuri'a. Malamai kan tunatar cewa fitina barci take yi, ba a son mai tashe ta. A kan kawo misalin ƙasar Sifen, wadda bayan mutuwar Janar Franco a 1975 ta yi dokar afuwa a 1977, ta amince a daina tone-tonen yaƙin basasarta na 1936 zuwa 1939, ta kuwa koma mulkin dimokuraɗiyya ba tare da sabon yaƙi ba.

Masu neman waiwaye kuwa suna nuni da abin da shirun ya haifar. Waɗanda suka cika ƙungiyoyin neman Biyafara, MASSOB da aka kafa a 1999 da IPOB da ta biyo baya, yawancinsu bayan yaƙin aka haife su. Haka ma matasan Arewa da suka taru a Kaduna a watan Yuni 2017 suka ba Ibo wa'adin barin Arewa, kafin su janye a watan Agusta. Duka ɓangarorin biyu sun gaji fushin yaƙin ba tare da sun gaji saninsa ba. Inda makaranta ta yi shiru, sai majalisar bakin titi da dandalin intanet su zama malamai, su kuwa rabin labari suke koyarwa. Sifen ɗin ma da ake misali da ita, a 2007 ta yi dokar tunawa da tarihi, a 2019 ta tone gawar Franco daga babban hubbarensa, domin jikoki sun tambayi abin da iyaye suka haɗiye.

Rayuwar ɗan Daura da aka fara ambata ta nuna fuskokin biyu. A zaɓen 2003 da na 2007 Ibo ne mataimakansa, Chuba Okadigbo da Edwin Ume-Ezeoke, kuma gwamnatinsa ce ta mayar da darasin tarihi makarantu, aka ƙaddamar da haka a 2022. Amma ranar 1 ga Yuni 2021 ya fitar da saƙo a Twitter yana gargaɗin masu ta da hankali a Kudu maso Gabas, yana cewa yarinta ta hana su sanin ɓarnar da yaƙin ya yi, kuma waɗanda suka yi wata talatin a fagen daga za su yi musu magana da harshen da suke ji. Kamfanin ya goge saƙon, gwamnati ta dakatar da Twitter a ƙasar har zuwa 13 ga Janairu 2022. Rabin farko na maganar gaskiya ne, matasan ba su san yaƙin ba. Rabi na biyu kuwa shi ne ainihin fami, domin an ɗauko tarihi an yi barazana da shi maimakon a koyar da shi. Ya rasu ba a buga wani littafi nasa da ya bayyana abin da ya gani a wata talatin ɗin ba.

Akwai wani giɓi da ya shafi harshen Hausa musamman. Lokacin yaƙin mawaƙa da marubuta waƙoƙi sun yi ta zuga sojoji a rediyon Kaduna da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, amma waƙar zuga aikinta ƙarfafa zuciya ne a ranar daga. Littattafan tunawa da yaƙin kuwa, irin na Obasanjo da na Alexander Madiebo na 1980 da na Chinua Achebe na 2012, da Turanci suke, manya ne kuma suka rubuta su. Rundunar sojan Nijeriya ta tashi daga mutum wajen 10,000 kafin yaƙi zuwa wajen 250,000 a ƙarshensa, da yawa daga cikinsu samarin karkarar Arewa ne. Abin da kurtu ya gani, da abin da matarsa ta sha a gida, da labarin maƙwabcin da ya ɓoye Ibo a ɗakinsa a 1966 da na wanda ya nuna inda suke, kaɗan ne ƙwarai aka rubuta da Hausa.

Kammalawa

Tarihin Daura bai ce a kafa kotu a gurfanar da tsofaffi ba, bai kuma ce a yi shiru ba. Abin da ya nuna shi ne akwai bambanci tsakanin tono don ramuwa da tattarawa don ajiya, kuma na biyun yana da lokacinsa, wanda in ya wuce ba ya dawowa. Bello ya ajiye wasiƙun al-Kanemi ana tsakiyar gardama. Dattawan Daura da Zango da Ɓaure sun ba da labarinsu bayan shekara hamsin, suna da rai, gaba kuma ta lafa. Nijeriya a yau tana daidai wannan gaɓa. Saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 ya cika 76 a shekarar da aka rufe Buhari.

Saboda haka aikin da ke gaban cibiyoyi irin su Gidan Arewa na Kaduna, da hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Katsina, da sassan Hausa da na tarihi na jami'o'i, a fili yake. A bi tsofaffin sojoji da matansu a Daura da Mai'aduwa da Sandamu da sauran garuruwa, a ɗauki maganarsu da harshensu, a rubuta. A nemi dattawan Ibo da suka dawo kasuwannin Arewa bayan 1970 a ji nasu. A fassara na Gabas zuwa Hausa, na Arewa zuwa Turanci da Ibo, a ajiye su wuri ɗaya kamar yadda Bello ya yi, kowane da sunan mai shi. Sa'an nan a bar ɗaliban da za su zo nan gaba su karanta duka biyun su auna.